Daren Ban-Kwana Ko Daren Tsine Wa Gida?

Akwai wata al'ada da ta kunno kai a tsakanin ɗalibai da matasan ma'aikata a 'yan shekarun nan, musamman mu da muke zaune a nan kudancin ƙasar, wadda ya kamata a tsaya a dube ta da idon basira tun kafin ta zama jiki. Al'adar kuwa ita ce ta fita shaƙatawa da dare don yi wa aboki ban-kwana idan ya sami bizar ƙetare. Da zarar labari ya bazu cewa wane ya sami takardar shiga Ingila ko Kanada, sai a buɗe zaure a WhatsApp, a yanka wa kowa abin da zai bayar, a kama wuri a wani gidan cin abinci ko wurin shaƙatawa a Ikeja ko Bodija, a sa rana. A wannan dare za a ci tsire da gasasshen kifi, a sha lemo, wasu su busa shisha, a saki kiɗa, a yi liƙi, a ɗauki hotuna ba adadi, sannan a riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya ana jawabi. To, a cikin waɗannan jawabai ne gizo yake saƙa, kuma a kansu ne nake son in ja hankalin mai karatu.

Duk wanda ya taɓa halartar irin wannan zama ya san abin da ake faɗa. Da wuya ka ji an ce Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Abin da za ka ji shi ne, "Kai dai ka tsira," da "Kada ka kuskura ka waiwayo," da "Ƙasar nan ta riga ta mutu," da kuma "Don Allah in ka zauna ka jawo mu." Ana faɗa ana tafi, ana shewa, sai ka ce an sako ɗan kurkuku. Kalmar da take yawo a bakin kowa ita ce "japa", wadda aka aro daga Yarbanci, ma'anarta kuwa a tsere, wato abin da Bahaushe zai ce a ranta a na kare. Mutum dai ba ya tserewa sai daga abin da yake ƙi ko yake tsoro. Ashe ke nan abin da ake yi wa biki shi ne kuɓuta daga gida da mutanen gida, har da su masu tafin da kansu. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa wa hujja a nan, shi ne cewa wannan dare, yadda muke gudanar da shi, ya ɓata ma'anar sallama, yana cutar matafiyi, yana kuma cutar waɗanda ya bari.

Kafin a ce na shiga sahun masu hana mutane neman na kansu, bari in faɗi matsayina ƙarara. Ba ni da ja da tafiya, kuma dalilan da suke korar matasa daga ƙasar nan ba ƙirƙira ba ne. Ɗalibin da ya zauna a gida kusan wata tara a 2020, ya sake zama wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba na 2022 saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, ba wanda zai zarge shi in ya nemi inda karatun shekara huɗu yake ƙarewa a shekara huɗu. Malamin da ya ga dala ta tashi daga wajen naira 460 kafin watan Yuni na 2023 zuwa sama da naira 1,500 a farkon 2024, albashinsa kuwa bai bi ta ba, yana da haƙƙin ya nemi inda gumi yake da daraja. Haka likitan da yake aiki da fitilar wayar hannu, haka wanda tsoron masu garkuwa da mutane ya hana shi ziyartar iyayensa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bugu da ƙari, Bahaushe shi ne mutum na ƙarshe da zai ƙyamaci tafiya. Kakanninmu fatake sun yi ta bin madugu a cikin ayari, wata da watanni, zuwa kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja don sayo goro. Alhazan da sun taka a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu sai bayan shekaru suke komowa. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, ɗansa ya wuce da jama'a har bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin Maiwurno yake har yau. Mu kanmu da muke karatu a nan, da yawanmu 'ya'yan zango ne, jikokin waɗanda suka kafa Sabo ta Badun a 1916, da Agege, da Shagamu, da unguwar Hausawa ta Owerri. A fagen ilmin zamani ma haka abin yake. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jarida, ya dawo ya rubuta littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi karatu Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946, duk suka dawo da abin da suka samo suka zuba shi a gida. Saboda haka tafiya gadonmu ce. Abin tambaya shi ne, yaya waɗancan mutane suke rabuwa da gida, mu kuma yaya muke rabuwa da shi?

A al'adarmu sallama aiki ce mai nauyi da take da sharuɗɗa. Mai niyyar doguwar tafiya yakan bi gida-gida da ƙafarsa, domin zumunci a ƙafa yake. Yakan durƙusa gaban iyaye da malamai ya nemi albarka, ya je wurin wanda suka taɓa saɓawa ya ce a yafe masa, ya biya bashin da ake bin sa ko ya faɗi wanda zai biya a madadinsa, ya mayar da ajiyar mutane, ya damƙa amanar iyalinsa a hannun wani a gaban shaidu. Masana tarihin Musulunci sun nuna cewa a lokacin Hijira, duk da barazanar kisa, sai da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu. Su kuma waɗanda za a bari sukan haɗa wa matafiyi guzuri, su yi masa nasiha, su raka shi har bayan gari, su ce Allah Ya kiyaye hanya, sai ka dawo. Ita kanta kalmar ban-kwana, in aka dube ta, 'yar'uwar ban-girma ce da ban-haƙuri da ban-ruwa, wato bayarwa ce, irin ta mutanen da suke cewa sai da safe suna sa ran haɗuwa. Guzuri yana tafiya da matafiyi, tsaraba tana dawowa da shi, igiyar da ke tsakani kuwa ba ta tsinkewa. A auna wannan da daren da muke yi yau, a ga abin da ya rage a ciki.

Laifi na farko da nake tuhumar wannan dare da shi shi ne yana binne bashi. A cikin dukan jawaban nan ba mai tashi ya tambayi ango, domin kamar ango ake ɗaukarsa, wa ya biya kuɗin karatun da ya sa Ingila take son sa. A jami'o'in tarayya ba a karɓar kuɗin koyarwa, abin da ɗalibi yake biya na rajista ne da sauran hidimomi, ragowar kuwa daga baitulmali yake fitowa. Baitulmalin nan dukiyar kowa ce, har da mai tsiren da yake tsaye a bakin wuta yana yanka wa masu shagalin nama, wanda wataƙila ɗansa bai taɓa ganin cikin aji ba. A shekarar 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci tsakanin 15,000 da 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar, waɗanda suka rage kuma kimanin 55,000 ne, ga jama'a fiye da miliyan 200, sannan kaso mai yawa na waɗanda suka rage ɗin suna cunkushe a Ikko da Abuja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya a jerin ƙasashen da ƙarancin ma'aikatan lafiya ya yi wa katutu, har ta ce kada a riƙa zuwa ana kwasar ma'aikatansu. Duk likita ɗaya da aka yi wa shewa a Ikeja, akwai wani asibitin karkara da mai naƙuda za ta je ta tarar ba kowa.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban goyi bayan a ɗaure mutum da igiyar doka ba. Ƙudurin da ɗan majalisar wakilai Ganiyu Johnson ya kawo a 2023, na a hana likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki shekara biyar, magani ne na wanda ya kasa gyara rufi ya koma kulle ƙofa. Haka nan maganar da ministan ƙwadago na wancan lokaci, Chris Ngige, ya yi a 2019, cewa wai likitoci sun yi mana yawa, magana ce ta wanda bai taɓa kwana a layin asibiti ba. Bashin da nake nufi ba kotu ce take karɓar sa ba, lamiri ne yake riƙe da shi. Mai mutunci, ko da zai tafi, yakan ambaci bashin da ke kansa, ya sunkuyar da kai, ya faɗi yadda yake niyyar rage shi. Akwai kuma bashin da ya fi wannan kusa. Sau da yawa kuɗin biza da na jirgi da na makaranta daga gonar gado aka samo su, ko daga filin da uba ya sayar, ko gwal ɗin uwa, ko adashin 'yar'uwa. Waɗannan bayin Allah ba a gayyatar su wurin shisha. Suna gida suna addu'a, a daidai lokacin da ake tsine wa ƙasar da suke ciki, wadda kuma a cikinta za a binne su.

Laifi na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne muni, shi ne daren yana yi wa matafiyi ƙarya game da inda za shi, sannan ya rufe masa ƙofar dawowa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Masu jawabi suna siffanta ƙetare kamar aljanna, alhali kusan dukansu ba wanda ya taɓa taka ta. Ga kaɗan daga abin da ba sa faɗa. Daga Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin ɗalibai baƙi zuwa da iyalansu, in ban da masu digirin bincike. A watan Maris na wannan shekara ta hana masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya su ma zuwa da nasu, a Yulin 2025 kuma ta rufe ɗaukar irin waɗannan ma'aikata daga waje. Tun a 2023 kafofin labaran ƙasar suka riƙa kawo rahoton 'yan Nijeriya da suka biya dillalai dubban fam don samun wannan aiki, suka isa suka tarar babu shi, suka koma karɓar abincin sadaka. Kanada ma a Janairun 2024 ta ƙayyade yawan bizar karatu. A watan Mayu na 2024, bayan faɗuwar naira, ɗalibai 'yan Nijeriya da dama a Jami'ar Teesside suka kasa cika kuɗin makaranta, aka dakatar da su, aka kai sunansu hukumar shige da fice, har aka umarci wasu su bar ƙasar. Waɗannan duk, ina kyautata zato, akwai waɗanda aka yi wa irin wannan dare a cikinsu.

Tarihi ya riga ya koya mana cewa baƙo raɓa ne. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta kori baƙi, Yarbawa da Hausawa da yawa suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka, bayan sun shafe shekaru a can. A 1983 mu ma muka rama, gwamnatin Shagari ta kori baƙi, cikinsu har da 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya, kuma daga nan jakar nan mai zane ta samo sunanta na Gana-mas-go, wadda abin mamaki ita ce har yau matafiyanmu suke cusa kayansu a ciki. A 2019 sai da aka aika jirgi Afirka ta Kudu ya kwaso 'yan Nijeriya saboda farmakin ƙyamar baƙi. A 2022 ɗalibanmu suka tsere daga yaƙin Yukren cikin sanyi, wasu aka tura su baya a bakin iyaka saboda launin fatarsu. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, ɗalibanmu, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, suka yi kwanaki a bakin iyakar Masar suna jiran a buɗe musu. A duk waɗannan lokuta ina aka nufa? Gida dai, gidan nan da aka ce ya mutu.

To, a nan ne illar daren take fitowa fili. Mutumin da aka yi wa liƙi, aka ɗora hotonsa a Instagram da tutar wata ƙasa, aka ce masa ya tsira kada ya waiwayo, da wane ido zai kalli abokansa in abin ya ƙi? Kunya takan sa ya ɓoye halin da yake ciki. Zai kwana a ɗaki ɗaya da mutum huɗu, ya yi aikin dare a ɗakin ajiyar kaya da digirinsa na biyu a cikin jaka, ya tsallake cin abinci, amma ranar Lahadi ya sa babbar riga ya tsaya gaban wani gini ya ɗauki hoto ya turo. Masu kallon hoton su ƙara tsine wa gida, su ƙara matsa masa da roƙo, shi kuma ya ci bashi ya aiko don kada a gane. Haka ƙarya take haifar ƙarya, alhali raminta ƙurarre ne. Bafatake na da, in kasuwa ta ƙi shi a Gwanja, yakan dawo a yi masa barka da zuwa, a ce Allah Ya mayar da alheri, domin tun farko da "sai ka dawo" aka sallame shi. Wanda aka sallama da "kada ka waiwayo" kuwa an mayar da dawowarsa abin kunya, an bar shi tsakanin sanyin can da gorin nan. Abokin da ya yi maka haka, ko da da tsire da kiɗa ya yi, bai yi maka adalci ba.

Laifi na uku ya shafi waɗanda suka rage. Idan wanda ya tafi shi ne ya tsira, to wanda ya zauna fa? Ana nufin ke nan shi ne ya halaka. Ƙaramin ɗalibi da yake kallon wannan shagali darasi ɗaya yake ɗauka, wato darajar mutum tana cikin fasfo ɗinsa, kuma malaminsa da ya yi shekara talatin yana koyarwa a nan ragon da ya kasa fita ne. Daga nan sai karatu ya zama neman takardar fita kawai, aiki ya zama zaman jira, ba mai son dasa itacen da zai yi shekara biyar bai yi 'ya'ya ba. Wanda kuwa ba shi da digiri ko gonar da za a sayar, shi ma ya ji wannan huɗuba, kuma hanyar da ta rage masa ita ce ta hamada, ta Agadas zuwa Libiya. A watan Nuwamba na 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna wa duniya yadda ake gwanjon baƙaƙen fata a Libiya kamar awaki. Ban ce shagalin Ikeja ne ya kai su can ba, talauci da rashin aiki sun fi shi laifi nesa ba kusa ba. Amma aƙidar da take cewa ko'ina ya fi gida, mu masu ilmi ne muke yi mata kiɗa, talaka kuma ya taka rawar da ransa.

Na san abin da za a ce. Za a ce hassada ce take damun mai wannan rubutu, don shi bai samu ba. Wannan ita ce garkuwar da ake ɗagawa duk lokacin da aka rasa amsa, kuma ko da gaskiya ce ba ta goge ko ɗaya daga cikin alƙaluman da na kawo. Za a ce ai waɗanda suka tafi suna aiko da kuɗi, kusan dala biliyan 20 a shekara bisa ƙididdigar Bankin Duniya. Haka ne, kuma Allah Ya saka musu, gidaje da yawa da wannan kuɗi suke ɗora tukunya. Amma wannan hujja tawa ce, domin tana nuna cewa igiyar gida ba ta tsinke ba, kuma waɗanda suke aikowa ba su ɗauki shawarar masu cewa kada a waiwayo ba. Sannan dala ba ta yin tiyata, ba ta duba kundin ɗalibi. Za a kuma ce dare ɗaya ne kawai na abokai, wasa ne, a bar yara su sha iska. Ai da wasa ake faɗa wa wawa magana, kuma abin da ake maimaitawa a kowane taro, shi ne yake zama tarbiyya.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa a je a tuhumi shugabanni, su ne suka lalata ƙasar. Wannan gaskiya ce tsagwaronta. Tun a 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta riƙa nuna wata talla a talabijin, ta wani saurayi mai suna Andrew, wanda Enebeli Elebuwa ya fito a matsayinsa, ya ɗauki jaka zai bar ƙasar saboda babu ruwa babu wuta, ana lallashinsa ya tsaya a gyara tare. Shekara arba'in ke nan da ɗoriya, abin da Andrew ya yi kuka da shi bai kau ba. A 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi don lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Shi kansa Buhari, da ya dawo mulki a farar hula, ya yi fiye da kwana ɗari a jere yana jinya a Landan a 2017, kuma a can Allah Ya yi masa rasuwa a Yulin 2025. Saboda haka ba ni da bakin da zan yi wa kowa wa'azin kishin ƙasa irin na talla. Sai dai a lura da abu guda. Tsinuwar da ake yi a daren ban-kwana ba ta isa kunnen minista, ba ta rage masa barci. A kan abokin da yake zaune kusa da kai take sauka, wanda gobe da safe zai shiga motar haya ya tafi aiki a cikin ƙasar da ka ce ta mutu. Shugabanni daban, gida daban. Wanda ya kasa bambance su ya yi wa azzalumi gata, domin babu abin da azzalumi yake so kamar masu ilmi su yanke ƙauna su watse su bar masa fili.

Akwai kuma wasu da suka ga wannan shagali suka kauce masa ta hanyar da ita ma ba ta da kyau, wato su sulale ba sallama. Sai dai kawai ka ga hoton mutum cikin rigar sanyi, ka tambaya a ce ai ya yi wata biyu da tafiya. Dalilinsu wai tsoron baki da sammu, kada maƙiya su ɓata tafiyar. Ta haka malami yakan bar ɗaliban da yake duba kundinsu ba tare da ya miƙa su ga kowa ba, ma'aikaci ya bar ofis da mabuɗi a aljihu, mai bashi ya bar masu bin sa suna cizon yatsa, wani ma har da yarinyar da aka sa musu rana. Mai shagali da mai sulalewa cutarsu ɗaya, dukansu sun ɗauki mutanen gida a matsayin abin da ake kuɓuta daga gare shi, ɗaya ya yi da ganga, ɗaya ya yi a ɓoye.

Me nake nema ke nan? Ban ce a daina taruwa ba. Rabuwa da aboki abu ne mai taɓa zuciya, ya cancanci zama, da ci, da sha, da dariya, har da hawaye. Abin da nake kira gare shi shi ne a mayar wa daren ma'anarsa. Kafin ranar, matafiyi ya zaga iyaye da malamai da ƙafarsa, ya biya bashi, ya miƙa aikin da ke hannunsa a rubuce, ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa. A wurin zaman, a gayyato wanda ya taɓa zama a ƙasar da za a je, ya faɗi gaskiyar kuɗin haya da haraji da sanyi da kaɗaici, ba tare da ƙari ko ragi ba. Kuɗin da za a ƙone a shisha da liƙi a haɗa shi a ba shi guzuri, ko a kai wa mahaifiyarsa. A sa masa yaji da kuka da daddawa a jaka, kilishi kam a cinye shi a nan, domin ma'aikatan kwastan na Ingila ba sa barin nama ya shiga. A tambaye shi a gaban kowa abin da zai yi wa makarantar da ta yaye shi, ko littattafai ne, ko ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya, ko koyarwa ta intanet, ko dawowa hutu ya duba marasa lafiya. A bar shi ya yi alkawarin da zai iya cikawa, abokai su zama shaidu.

Daga ƙarshe, a samu mutum ɗaya mai hankali a cikin taron da zai tashi ya gaya masa abin da ya fi buƙatar ji, ya ce: wane, in ta yi daɗi muna taya ka murna, in kuwa ta ƙi, ka dawo, ɗakinka yana nan, ba wanda zai yi maka dariya. Wannan magana ta fi duk liƙin da za a yi masa amfani, domin wata rana cikin tsananin hunturu ita ce za ta hana shi hallaka kansa a kan kunya. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma wannan gargaɗi ne ga wanda ya fita ya banko ƙofa. Wanda ya yi sallama ta gaskiya, ko shekara nawa ya yi, gida yana nan yana sauraron sallamarsa. Allah Ya kiyaye matafiyanmu, Ya ba waɗanda suka zauna haƙuri da ƙarfin gyara, Ya kuma sa mu iya rabuwa irin ta mutanen kirki.